Na Ce Ban San Ta Ba, Ita Da Ta Zauna Min Makoki

Assalamu alaikum mai shafi da jama'ar gida. A ɓoye sunana don Allah, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci, don ni ma na gaji da zagin kaina.

Ni ɗaliba ce a Manchester, ina zaune a Levenshulme. Wata huɗu na farko ban da ɗakin karatu da ɗakina babu inda na sani, har sai na wuni ban ji muryata ba. Wata Juma'a da yamma, lokacin sanyi, ina wucewa ta gaban wani gida kusa da jami'a, wata yarinya ta tare ni ta ce ko zan ɗan shigo. Na shiga, sai ta tsaya kusa da na'urar ɗumama ɗaki tana cewa, "Kai, wurin nan akwai sanyi." Na ce a raina, to ki kunna mana, hannunki ciwo yake? Ashe cibiyar ɗalibai Yahudawa ce. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa ta Asabar ba sa kunna wuta, kuma ba sa cewa wani ya kunna musu kai tsaye, sai dai su yi zancen a kaikaice. Na danna, ɗakin ya ɗauki tafi, aka ja min kujera. Zan kira yarinyar Miriam, ba sunanta ba ne.

Daga nan duk Juma'a ina can. Ba wanda ya taɓa yi min maganar addini, su ne ma ke nuna min lungun da zan yi Magariba. Ranar da Ummata ta rasu a Kano, kafin in nemi jirgi har an kai ta. Miriam ce ta zo ta cire takalmi ta zauna da ni a ƙasa kwana uku, tana kawo abinci, tana amsa ƙofa. Ta ce su ma haka suke yi, ba a barin mai makoki shi kaɗai.

Ga inda na yi abin kunya. Ina da Goggo a Handsworth, Birmingham, ƙanwar Babanmu. Ita ta tsaya min kafin Baba ya yarda in zo karatu, kuma waya ɗaya za ta yi ya ce in tattaro in koma. Da abin da ake gani a labarai, ko sunan mutanen nan ba ta son ji. Kullum ce mata nake ina ɗakin karatu ranar Juma'a. Watan jiya ta zo duba ni, muna jiran bas a Stockport Road, sai ga Miriam da yayanta sanye da 'yar hular nan ta Yahudawa. Ta taho da gudu ta buɗe hannu za ta rungume ni. Goggo ta damƙe min gyale ta ce, "Ke, su waye waɗannan? A jami'ar kike kwaso su?" Na ja da baya na ce wa Miriam da Turanci, "Yi haƙuri, ina jin kin ɗauke ni wata ce." Hannunta ya daɗe a sama kafin ta sauke. Ta ce, "Haka ne, yi haƙuri," ta juya. Goggo ta ce, "Good. Ki kama kanki, 'yar nan." Wace irin mutum ce ni? Wadda ta share min hawayen uwa ita zan yi wa haka a bakin titi? Tun ranar ban sake taka cibiyar ba, ko layin na daina bi.

Shekaranjiya aka sanar a rukuninmu na 'yan cibiyar a waya cewa mahaifin Miriam ya rasu. Suna zaman kwana bakwai, kuma gidansu a Birmingham yake, bas ɗaya daga gidan Goggo. Ni kuma ranar Lahadi dole ina gidan Goggo, ana sunan jikarta, kuma ba na fita ƙofa sai ta ji ina za ni da wa zan gani. Lahadin ce ranar ƙarshe da zan iya samun zaman. In na faɗa mata gaskiya, karatuna na iya ƙarewa a ranar. In na sake yin ƙarya na tafi, da wane ido zan kalli Miriam, bayan har yanzu ɓoye ta nake?

Na so in yi shiru in ce ai ba ta neme ni ba. Sai yau da safe saƙonta ya shigo, na farko tun ranar bas ɗin. Ba gaisuwa, ba gori, ba ta ce in zo ba. Cewa kawai ta yi, "Gidan nan akwai sanyi."

Na san yadda Miriam take roƙo. Saura kwana uku, jama'a. Me zan yi?