Wayar da Za Ta Yi wa Inna Magana

Haɗejiya, 9 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Muttaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na asibitin bakin tafki. Tunda har yanzu babu sabis a wajenku, na ba Ɗan'auta direban motar kifi wannan takarda ya kawo maka.

Inna tana nan yadda ka bar ta. Tana gane kowa, hannun hagu yana motsi, amma tun da ɓarin jikin ya shanye magana ba ta dawo ba. Shekaranjiya ta daɗe tana yi mini nuni. Na kawo ruwan sha, na kawo fura, na gyara matashi, ashe alwala take so. Kafin in gane, la'asar ta yi sanyi. Ta juya fuskarta bango tana hawaye, ni ma na fita tsakar gida na yi nawa.

Shi ya sa na fito da kwamfutar tebur ɗinka, na kakkaɓe ta, na jona. So nake in haɗa wa Inna 'yar manhaja a wayarta, mai manyan hotuna. In ta taɓa hoton buta, waya ta ce alwala, in ta taɓa kofi, ta ce ruwa. Mun ɗan koya a kwaleji, sai dai ban taɓa yi ni kaɗai ba. Kafin in rubuta ko layi ɗaya sai na girka wa kwamfutar kayan gina manhaja, ga su da girma. Duk sanda saukewar ta yi nisa sai a ɗauke wuta, komai ya koma farko. Gobe zan kai ta shagon ƙawata Adila, ita tana da sola.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Jannatu

Haɗejiya, 14 ga Agusta

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya damina? Da fatan ciwon ƙafarka bai tashi ba.

Kayan sun girku. Amma akwai wata wayar gwaji da ya kamata ta buɗe a cikin kwamfutar don in riƙa ganin aikina, ita ta ƙi. Sai ta nuna baƙin allo, kwamfutar ta yi ta huci, ta sandare. Adila ta ce memorin ne ya yi kaɗan, ta ciro wani daga wata matacciyar kwamfuta ta ƙara mini, duk da haka shiru. Na haƙura, na jona wayar Inna da kebul kai tsaye. Ranar Talata abu na farko ya fito: farin allo, an rubuta "Sannu Inna". Na ruga na nuna mata, na manta ba ta karanta boko. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta yi dariya da gefen bakinta. Rabon da in ga dariyarta tun kafin ta kwanta.

Kogi ya kawo sosai. Ruwa ya hau shinkafarmu ta fadama, mazan unguwa kullum suna bakin jinga da buhunan yashi. Wannan bai dame ni ba kamar cin abincin Inna, ya ragu ƙwarai. Yaya, ka nemi hutu ka zo, ko na kwana kaɗan ne.

Ƙanwarka,
Jannatu

Haɗejiya, 6 ga Satumba

Yayana Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar Alhamis da hantsi, an kai ta bayan azahar. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Takardata ta watan jiya ba ta iso gare ka ba. Ruwa ya yanke hanya, Ɗan'auta ya juyo da ita a aljihu, ga ta nan na haɗa da wannan.

Manhajar ta yi aiki, Yaya. Na ɗauki hotunan da kaina, na naɗi muryata. Ranar da na miƙa mata, ta taɓa buta, ta taɓa kofi, ta taɓa kwano, tana jin muryata tana fitowa. Sai ta ci gaba da jan allon da yatsa, tana neman wani abu da ban sa ba. Na tambaye ta ko fanka, ko magani, ta ture wayar ta nuna ƙofar ɗakinka.

Lokacin babu wuta a unguwa, ruwa ya kwantar da falwaya. Na ɗauki kwamfutar a ka, na bi ta cikin ruwa zuwa shagon Adila, na ƙara hotonka na ranar sallah, na naɗi sunanka. Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa buta ko kofi ba. Kai kaɗai take taɓawa. Ina girki sai in ji muryata daga ɗaki tana cewa Muttaka, Muttaka. Na ce mata na aika maka, kana hanya. Haka na zata.

Kada ka ɗora wa kanka laifi, ba ka sani ba. Ranar Laraba da yamma na durƙusa gabanta na ce, "Inna, kin yafe mini?" Ta gyaɗa kai. Na ce, "Yaya Muttaka fa?" Ta jawo wayar ta kifa a ƙirjinta, ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa.

Dangi sun cika gida, kowa yana tambayarka. In hanya ta buɗe ka taho, zan raka ka maƙabarta har bakin ƙofa, Kawu Isa ya nuna maka wurin.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Jannatu