Gazal ɗin da Auta Ya Aiko

Malama,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ba ki san ni ba. Ni ne editan wata ƙaramar mujalla ta intanet da ba ma buga komai sai gazal, waƙar nan mai baiti bibbiyu da ake rufe kowanne da amshi ɗaya, mawaƙi ya ambaci kansa a ƙarshe. Ƙaninki, mai sa hannu da Auta, yana cikin marubutanmu. Ya taɓa turo waƙa ta adireshinki lokacin da wayarsa ta lalace, shi ya sa nake da shi.

Jiya ya aiko sabuwa. Amshinta "ba da ni ba". Damina za ta sauka, ba da ni ba. 'Yata za ta fara tafiya, ba da ni ba. A baitin ƙarshe ya ce Auta ya share shago ya mayar da makulli. Na kira shi bai ɗaga ba. Don Allah ki leƙa shi.

Na bar ki lafiya,
Edita

Malam Edita,

Wa alaikumus salam. Na gode da kulawa, amma ka kwantar da hankalinka. Auta tun yana ƙarami in kaza ta mutu sai ya yi mata waƙa. Kuma ai ku masu gazal kullum cikin mutuwa kuke, yau ido ya kashe ku, gobe murmushi. Gaskiya tun rasuwar matarsa ya rage magana, amma shekaranjiya ya zo gidana fes da shi, ya kawo wa 'yarsa gadon da ya ƙera mata, har ya ci abinci ya ƙara. Yarinyar tana hannuna.

A huta gajiya,
Yayar Auta

Malama,

Bayan gaisuwa. Maganarki haka take, na sha buga waƙoƙin mutanen da suka mutu a baiti, da safe suka tafi aiki. Amma mai mutuwar baiti yana cika baki, yana zargin masoyiya, yana jiran ya ga an yaba. Wannan babu zargin kowa a cikinta. Kuma kullum yakan dame ni da tambayar ranar da za ta fito; wannan karon cewa ya yi in buga ko in bari, duk ɗaya. Gadon nan da kika ambata ya ƙara tayar min da hankali. In na yi kuskure ki zage ni, zan ɗauka. Ki je yau.

Naki cikin damuwa,
Edita

Malam,

Ina rubuto maka a gurguje. Na je shagon. Ban taɓa ganin shagon kafinta babu ko ɗigon garin katako ba sai yau. Maƙwabcinsa ya ce, "Ai ya ba ni zarto da guduma, wai ya gama da su." Ɗakinsa a buɗe, kaya a ninke, takardun yarinya a kan katifa. Ban same shi ba. Mijina ya nufi maƙabarta, ni zan bi ta tasha. In ya turo maka ko kalma ɗaya, ka riƙe shi da magana ka kira ni. Na yi wa wasiƙarka ta farko dariya, Malam. Ka taya mu da addu'a.

Yayarsa

Malama,

Shiru har yanzu. Na tura masa saƙo na ce ina jiransa, wayata tana hannuna. Ki sanar da ni ko mene ne.

Edita

Malam Edita,

Salam. Mijin Yaya ya same ni zaune gefen kabarin matata. Yanzu ina gidansu, an hana ni rufe ƙofa, kuma ina ganin likita. Yaya ta ce in gode maka. Ban kai nan ba tukuna, haushinka nake ji.

Kada ka buga waƙar. Karin baiti na huɗu ma a karye yake, kai da kake edita ba ka lura ba. Da 'yata ta yi barci zan zauna in duba shi.

Auta