Gidan Gaban Motar Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Mama? Allah ya sa gashin da ake yi mata a asibitinku ya karɓe ta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san kunnen Baba, ko a banɗaki na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake magana. Can wajenki kuma na san da waya ta yi ƙara Mama za ta matso. Shi ya sa na ba direban motar haya da ke zuwa garinku ya kawo miki.

Maganar motar nan ce da kika saya wa Baba lokacin da ya ajiye aiki. Inji lafiya lau, kullum sai ya goge ta kafin ya karya. Har yanzu shi ke kai 'yan biyuna makaranta ya ɗauko su, tunda inda nake koyarwa yana wancan ɓangaren gari, babansu kuma aiki ya kai shi nesa. To amma shekaranjiya wajen shigowa gida ƙarfen get ya kankare mata gefen dama, tun daga ƙofar baya har fitila. Baba fa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa wa kamfani manyan motoci bai taɓa goge wa mota fenti ba. Da na tambaye shi ya ce iska ce ta turo get. Yaya, ranar ko ganye bai motsa ba.

Ni dai na ce wa kaina kewa ce. Kin san yadda suka koma a 'yan shekarun nan, ko burodi zai sayo sai Mama ta ja mayafi ta shige gidan gaba, hannunta a kan gwiwarsa kamar sababbin aure, mu muna baya muna ƙunshe dariya. Yanzu kujerar babu kowa, wataƙila hankalinsa ne ke wajenku. Duk da haka raina bai kwanta ba, don 'ya'yana ne a bayan motar nan safe da rana.

Ki gaishe da Mama, amma kada ki nuna mata wannan.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kowa na gaishe ki.

Ke dai tun kina ƙarama kin iya tayar wa mutane hankali. Mota ta gogi get sai ki ɗauki biro. Tun ranar da aka kawo ta na ce get ɗin gidan nan ya matse, a faɗaɗa shi, kuka share ni. Ba ƙaramar mota ba ce irin tsohuwar tasa, tana da ɗan faɗi. Da gangan na zaɓe ta a haka: ba ta yi ƙasa da Mama za ta durƙusa kafin ta shiga ba, ba ta kuma yi sama kamar jif da sai an ɗaga ta ba, ga but da ke cinye jakunkunan yara da kekunansu har a samu wurin cefane. Ki kai ta wajen mai fenti, magana ta ƙare.

Mama da sauƙi, gwiwar ta fara lanƙwasuwa. Sai dai ita ma tana nan tana nata. Kin tuna wahalar da na sha kafin ta yarda ta zo, har sai da na yi fushi. To tun da ta zo, da lokacin tafiya makaranta ya yi sai ta koma bakin taga da carbi, ba ta taɓa shayinta sai na kira Baba ta ji ya dawo gida. Jiya cewa ta yi in tambaye ki wa ke zama a gaba yanzu. Na ce Mama, da tsufanki kishin kujera kike? Ba ta yi dariya ba.

Su biyun sun lalace da juna, shi ke nan. Ki kwantar da hankalinki ki bar tsoho ya yi tuƙinsa.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Na ga takardarki, na kuma so in yarda da ke, amma abin ya wuce get.

Madubin gefe na dama ya fashe. Baba ya ce mai babur ne ya buge shi. 'Yan biyu kuma sun ce babur ɗin a tsaye yake, babu ma kowa a kansa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ranar Laraba. Malamar ajinsu ce ta tare ni ta ba ni labari. An tashi, yaran suna tsaye a bakin ƙofar makaranta inda suka saba, Baba ya zo a hankali ya wuce su. Ta ce da ya miƙa hannu ta taga zai taɓa kansu. Suna ta ɗaga hannu suna kiran Kaka, gilas a rufe, ya je gaba ya tsaya yana ta juya kansa gaba ɗaya kamar mai neman wani a kasuwa. Yaran suka bi motar da gudu a gefen titi. Malamar ta ce ta ɗauka wasa yake yi musu.

Na lallaɓa na ce, “Baba, ka ba ni in riƙa kai su mana, ka huta. Ina da lasin ai.” Ya yi dariya ya ce, “Lasin naki da bai taɓa ganin titi ba? Ki bari sai ranar da na kasa.” Ya ɗauki tsummansa ya fita wajen motar.

Yaya, tsoro nake ji. Ina gaban allo ina koyarwa, in na ji jiniya a titi sai alli ya tsaya a hannuna. Don Allah ki dubi Mama da kyau, ina jin ta san wani abu.

Auta

*

Auta,

Salam. Na kira ki wayarki a kashe, na san kina aji. Direban zai taso yanzu, shi ya sa rubutuna ya zama haka. Ki yafe mini dariyar da na yi miki.

Yau motata tana wajen bakanike, sai muka hau tasi zuwa asibiti. Na sa Mama a gaba saboda ƙafarta. Tun da muka taso na ji tana magana ƙasa-ƙasa, na zaci addu'a ce. Ashe cewa take, “Babur a dama. Yaro zai tsallaka. Ba kowa, wuce.” Da muka iso shataletale wani mai keke ya shigo ta gefe, sai kawai na ga Mama ta kai hannu ta damƙe gwiwar direba. Bawan Allah ya zabura ya taka birki ya ce, “Mama, lafiya?” Mama ta janye hannu, ta ja mayafi ta rufe fuska, har muka sauka ba ta buɗe ba.

A ɗakin jira na zauna kusa da ita na ce sai ta gaya mini. Ta ajiye carbi ta faɗa mini komai. Auta, Baba ba ya ganin gefe. Hawan jinin ido ne. Abin da ke gabansa sak yana gani tar, har jarida yana karantawa, amma dama da hagu sun rufe, kamar mai leƙe ta bututu. Likitan ido ya gaya masa tun tuni ya daina tuƙi, kuma ba ciwo ba ne da ake kankarewa ido ya dawo. Suka fito daga asibitin, ya zauna a mota ya kasa tayar da ita. Mama ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Sai ta ce masa ya tuƙa, ita za ta duba masa gefe.

Hannun nan da muke yi wa dariya aiki yake yi. In ta ɗan taɓa gwiwar, ya rage gudu. In ta matsa, ya tsaya. In akwai mu a baya ba ta magana, hannun kaɗai ya ishe su. Ni kuma na zo da ikona na ɗauke ta, na bar shi da sitiyari da jikokinsa. Ta ce ya yi mata alkawarin zai riƙa bin hanyar makaranta kawai, wai ya haddace ta.

Kada yaran nan su ƙara shiga motar yana tuƙi. Ki karɓi makulli ta kowace hanya. Zan ci gaba da kiran ki.

Yaya

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Abin da na kasa gaya miki a waya jiya, don Baba yana falo, shi ne wannan.

Kin ce in karɓi makulli, da yake ba ke za ki tsaya a gabansa ba. Jiya da safe na ce masa yau tasi za mu hau da yara. Ya ɗauki jakunkunansu ya sa a but, ya buɗe musu ƙofa, suka shige suka ɗaura bel kamar kullum. Sannan ya juyo ya ce, “In ba ki yarda da tuƙina ba, ki faɗa a gaban 'ya'yanki.” Abin da na iya yi kawai shi ne na zagaya na shiga gidan gaba. Na ce a raina abin da Mama ta yi ni ma zan iya.

Ban iya ba. Ban taɓa sanin abubuwa nawa ne ke fitowa daga gefen titi ba sai jiya. Masu babur, mai tura baro, mata da goyo, ƙofar mota da ake buɗewa ba a duba ba. Shi kuwa ya miƙe wuya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na bin kunnensa alhali sanyin mota a kunne. Na ɗaga hannu zan sa a gwiwarsa na kasa, ubana ne.

Dab da kwanar makaranta wata yarinya mai kayan makaranta ta fito daga dama a kan keke. Na gan ta tun daga nesa, na ɗauka ya gan ta. Bai rage gudu ba. Ihu na yi, ba ma kalma ba. Ya taka birki, motar ta tsaya tayar keken na jingine da fitilarmu. Yarinyar ta sauka ta tsaya tana kallon mu, ba abin da ya same ta, Allah ne kawai ya tsare. Ta macen cikin 'yan biyu ta ciji leɓe, jini kaɗan.

Baba bai yi faɗa ba. A hankali ya ce, “Daga ina ta fito?” Na ce, “Tun daga wajen shagon can take tafe, Baba.” Ya juya kansa gaba ɗaya ya kalli shagon, ya daɗe yana kallo. Na sauke yara na ƙarasa da su da ƙafa, shi ya koma gida shi kaɗai.

Tun jiyan bai yi mini magana ba, abinci ma a rufe ya bar shi. Makullin na aljihunsa. Nawa yaran na gama yanke shawara, ba za su ƙara shiga ba ko zai tsine mini. Amma in ya fita shi kaɗai fa? Titi cike yake da 'ya'yan mutane. Satar makulli kuma ba zan yi wa Baba ba, yana ma da na biyu. Maganar mutum ɗaya yake ji a duniya. Ki ba Mama biro da takarda ta rubuta masa, a liƙe ta, zan miƙa masa ba tare da na buɗe ba. Ta iso kafin Litinin.

Auta

*

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya gida, ya kaɗaici? Ƙafa alhamdu lillahi, har na fara taka bene.

Yara sun sani. Ba ni na kai ƙararka ba, hannuna ne ya tona mu, zan ba ka labarin in na dawo, ka yi dariya ko ka yi fushi. Na kuma ji labarin yarinya mai keke.

Malam, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da muka fita muka dawo, in na ce maka zan ɗan kishingiɗa, ba gwiwa ba ce. Jikina ne ke rawa, ba na so ka gani. Na yi ne don ban iya ganin ka zaune a gida kana kallon motar ta taga ba. To yanzu nawa idon ma ya fara gajiya, kuma ko da bai gaji ba, na gama. In na dawo zan dafa maka, zan zauna da kai, zan bi ka duk inda za ka, amma hannuna ba zai ƙara hawa gwiwarka a mota ba.

Ka yi tuƙi tsawon rayuwarka ba ka taɓa ɗaukar ran kowa ba. Ina roƙon ka ka sauka a haka. Ka ba Auta makulli, duka biyun. Ba ta iya sosai ba, kai ne za ka koya mata.

Ka ci abinci don Allah.

Matarka

*

Maman yara,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso.

Na ba ta, duka biyun. Yau ita ta kai yara, ni ina gefenta. Tana taka birki kamar mai kashe kunama, kuma ba ta duba madubi, amma za ta iya.

Ashe haka ake ji a wannan kujerar. Daga gida zuwa makaranta kawai, rigata ta jiƙe. Ban san yadda kika jure ba, ban kuma taɓa tambayar ki ba.

Ki gama gashinki a tsanake ki dawo, za mu zo tasha mu ɗauke ki. Sai dai ki zauna a baya tare da yara, gidan gaba na riga ki.

Mijinki