Zaren Littafin Baba

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya sa ciwon bayan nan da ka ambata ya zama kankarar zunubi, Ya kawo sauƙi mai ɗorewa. Mu ma nan sai godiya. Baban yara yana can wurin aikinsa, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Auta ta koma makaranta, gidan ya rage daga ni sai Inna. Na zaɓi in rubuto da hannu ne domin abin da zan faɗa ba zai faɗu a waya ba, ga Inna a gefe tana kasa kunne, ga ni kuma da nauyin baki kamar yadda ka san ni.

Yaya, na yi laifi, kuma na ɓoye maka shi. Ranar da na sanar da kai Inna ta zame a ƙofar banɗaki ta gurɗe hannu, gaskiya na faɗa, amma rabinta. Sai da ta kira ni sau uku kafin ta yunƙura da kanta. Ina zaune a falo gaban kwamfuta, sau uku ina amsa mata da cewa ina zuwa, ban kuwa motsa ba. Ba aikin ofis nake yi ba. Wani mutum ne da ban sani ba, ban taɓa gani ba, ya rubuta wata magana a intanet kan lokacin wata nafila, ya yi kuskure, ni kuma na duƙufa ina tsara masa raddi da hujjoji. Ina cikin sakin layi na huɗu na ji ƙarar faɗuwarta. Shekara da shekaru ina kiran wannan zama neman ilimi. A ranar, ina riƙe da hannun Inna yana kumbura, na ga ainihin sunansa: son a ce na fi wani sani.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki alwashi tsakanina da Ubangijina cewa kwana arba'in ba zan buɗe kwamfutar nan ba. Ta wurin aiki dole ce, tunda da ita nake duba rubutu a maɗaba'a, amma tawa ta gida na sa ta a jakarta na ɗora a saman kabad. Babbar wayar ma na kulle ta, na koma ƙaramar mai madannai, shi ya sa kuka daina ganin fuskokinmu in kun kira. Makon farko ya ba ni kunya. Da na dawo daga aiki sai hannuwana su rasa inda za su sa kansu. Na wanke labule sau biyu, na jera cokula bisa tsawonsu. Inna tana kallona daga gado, ta ce in na sake goge ƙasan ɗakinta sai ta zame ta karya ɗaya hannun, don haka ko dai in nemo abin yi, ko a nemo mini mai magani.

A bayan maɗaba'armu akwai wani ɗaki mai taga ɗaya, inda wani dattijo yake ɗinka littattafai da hannu. Kowa Baba Mai Gam yake ce masa. Injuna sun karɓe yawancin aikinsa, sai tsofaffin littattafan da mutane ke kawowa gyara. Shi kuma Jan Biro yake kirana, saboda alƙalamin da nake gyara da shi. Da na je masa da buƙatata ta koyon ɗinkin littafi, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce shekara ashirin ina tono wa littattafai laifi, ban taɓa warkar da ko ɗaya ba, ashe dai tuba ta zo. A lokacin hutun rana ya koya mini yadda ake ninke takarda, a huda ta da basilla, a goga wa zare kakin zuma don kada ya cukurkuɗe, a ɗinka, a shafa gam, a danne da katako da bulo biyu har ya kwana. Littafin farko da na haɗa, ya juya shi ya ce ya yi kama da takalmin da mota ta taka, amma a ajiye shi, zai yi amfani wajen tokare ƙofa.

Ban san yadda zan kwatanta maka daɗin aikin nan ba. Ina shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar Inna bayan la'asar, inda take ganina ina ganinta, in jawo zare in ji ya zauna daidai a raminsa. Ba wanda nake musu da shi. In na yi kuskure, takarda ba ta mayar mini da magana, sai dai in warware in sake. Kafaɗuna sun daina ciwo, sallata ta daina gaggawa. Har daɗin ya fara ba ni tsoro, domin na saba zargin duk abin da raina ya so da yawa. Na tambayi kaina ko tsohuwar cutar ce ta sauya riga. Ban sami amsa ba, amma na lura duk lokacin da Inna ta yi tari ina ji.

Ka san littafin Baba mahaifinmu mai baƙin bango, wanda ya rubuta da hannunsa, mai addu'o'i da ranakun haihuwarmu. Tun rasuwarsa Inna ba ta wuce safiya ba ta buɗe shi ba, ko da yake yanzu riƙewa ta fi yi, saboda raunin idonta. Zarensa ya ruɓe, takardun duk sun tsage ta gindi suna zazzagowa. Na roƙe ta ta ba ni in gyara. Kwana biyu tana hanawa, a na uku ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce in riƙe shi kamar jaririn da ba a yi wa wanka ba. Baba Mai Gam ya ja kunnena da abu ɗaya: kafin in yanke zare, in bi kowace takarda in sa mata lamba da fensir a kusurwa, tunda Baba bai sa lambar shafi ba, in na gama sai in goge. Na amsa masa da to. Amma da na zauna da fensir a hannu, na ga sunayen Allah da rubutun Baba, sai na kasa ɗora nawa rubutun a kai. Na ce a raina zan kiyaye jerin da idona. A lokacin ladabi na ɗauke shi. Yanzu ina ganin girman kai ne ya yafa mayafin ladabi.

Na yanke zaren, na jera takardu sittin da biyu a kan faranti. Sai Inna ta kira ni. Ni kuwa tun faɗuwarta kiran farko nake zabura, na miƙe a firgice, gefen zanena ya kwashi farantin. Takardun Baba suka watsu har ƙarƙashin kujera. Abin da Inna take so kuwa, ta san ko yau Talata ce. Da na kai wa Baba Mai Gam labari, ya yi dariya har ta zame masa tari, ya ce Jan Biro ta ji tsoron fensir. Sannan ya nutsu ya ce shi zare ya sani, jeri kuwa sai wanda ya san abin da ke ciki, ya tambaye ni ko babu wanda ya haddace littafin.

A nan ne jarrabawar ta zo. Shekara uku da suka wuce na ɗauki hoton kowane shafi na littafin, bi da bi, na adana a kwamfutar da ke saman kabad. Minti biyar sun isa. Zuciyata ta kawo mini dabaru: in sa maƙwabciyarmu ta buɗe mini ina tsaye a bayanta, ko in ce wannan lalura ce ba ta shiga alwashi ba. Na duba kowace na ga wayo ne, kuma ba a yi wa Allah wayo. Sai na tattara takardun na kai gaban Inna na faɗa mata abin da na yi. Ta ce in karanta mata layin ƙarshe na takardar farko. Ina karantawa ta ɗora da abin da ke biye, ni kuma na lalubo takardar da ta fara da shi. Haka muka yi yamma takwas. Ta nuna mini tabon shayi a wani shafi ta ce aikinka ne, Yaya, kana da shekara huɗu, kuma har yau ba a yi maka dukan ba, yana nan yana jiranka. Tun ina yarinya ban zauna da Inna irin wannan zama ba.

Amma a zaman ne na fara ganin abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Takan ba ni labari, bayan ɗan lokaci ta sake ba ni shi kamar sabo. Sau biyu ta kira ni da sunan ƙanwarta mai rasuwa. A rana ta talatin da uku, saura takardu biyar, na karanta mata ƙarshen wata addu'a, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake karantawa. Na sake. Wurin kuwa ba ya hasashe, domin addu'a ta ƙare, wata sabuwa ce za ta fara, sai wanda ya saba. Leɓunanta suna ta motsi. Ta ce shekara arba'in tana bin hanyar nan, yau an share ta. Ta dube ni ta tambaye ni ko ita ma hanyar tata mahaifiyar ta kama, wadda ta ƙare ba ta gane 'ya'yanta. Na ce ta huta, gajiya ce. A raina ina cewa kwana bakwai kawai suka rage. Ta ce kada in rufe takardun, ba za ta tashi ba sai ta tuna. Aka kira magariba tana nan zaune, hawaye suna zuba, ba ta ko share su.

Na shiga ɗakina na sauko da jakar. A tsaye na buɗe, na duba jerin takardu biyar ɗin, na rufe, na mayar. Da na dawo sai na yi kamar ina tunani da baki, na ce ko ba wadda Baba yake yi wa matafiya ba ce, na ambaci kalmomi biyu na farkonta. Ta cafke ta zarce har ƙarshe ba tuntuɓe, har da yi mini faɗa wai na ja wasalin da ba a ja. Ta yi dariya ta ce ashe dai tsohuwa da sauranta. Ta yi alwala, ta ci abinci, ta yi barci. Har yau ta ɗauka ita ta tuna.

Ina so in ce tausayi ne kawai ya kai ni, amma ba zan ƙara ba ka rabin gaskiya ba. Lokacin da hasken kwamfutar ya kama, wani daɗi ya ratsa ƙirjina kafin in tuna abin da ya kawo ni. Ban buɗe komai ba sai hotunan, amma wannan daɗin ya hana ni sakewa. Kaffara na san hukuncinta, kuma zan yi. Abin da ban sani ba shi ne ko in gaya wa Inna, in ɗauke mata farin cikin da ta samu, ko in yi shiru in riƙe yaudarar. Kai ne babba, ka ba ni shawara. Sannan ina roƙonka ka nemi hutu ka zo, mu kai ta wurin likita tare. Ni kaɗai ba za ta yarda ba, za ta ce ina yi mata fatan tsufa. Kada ka bari sai ƙarshen shekara. Littafin kuwa na ɗinka shi jiya, yana ƙarƙashin bulo, jibi zan mayar mata.

Ka gaishe mini da Yaya uwargida, Allah Ya saka mata da alheri bisa ɗawainiyar da take yi da kai. Ka gaishe da takwarar Inna, ka ce mata kakarta tana cigiyarta kullum, da Ɗan Dogo, da Likitar gida mai jarrabawa, Allah Ya ba ta nasara. Inna tana gaishe ku, ta ce a gaya maka ka daina zama a kujera mai laushi in kana son bayanka.

Na san za ka nemi magana ɗaya a fili, ga ta nan. Ban cika alwashina ba. Kwana talatin da uku na yi, na karya shi da hannuna, ina cikin hayyacina, ba wanda ya tilasta ni. Ka sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ƙanwarka.