Yatsun Baba a Hoton Mama

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya bariki, ya Anti Rifkatu da yara? Mu nan Zuru mun gode Allah.

Yaya, wani abu ya tsaya mini a rai. Hoton Mama da na tura maka, tana tsaye cikin dawa da zanen zumuntar mata tana dariya, ka ce shi kake dubawa kafin ku shiga daji. To, ba da ƙafarta ta tsaya ba. Sati uku ta yi a kwance. A babur muka kai ta gona, Baba ya tallafe ta ta baya, na ɗauka, na yanke shi daga hoton. Ita ta hana a gaya maka, amma ni na aika ƙaryar.

Sai dai kullum takan karɓi wayata ta kalla, ta ce, "Ashe haka nake in na miƙe." Jiya ta taka har bakin rijiya da sanda.

Ka yafe mini, ka sa ta a addu'a. Ka gai da kowa. In ka sake duba hoton, kalli ƙugunta na hagu da kyau. Yatsun Baba ne.

Ƙanwarka,
Saratu