Jiniyar ɓarayi ta kama maigadi

Gwaggo mai shafi, a taimaka mini da shawara. Ni 'yar kasuwa ce, takalma nake sayarwa, kuma ba yabon kai ba, daga tafiyar mutum nake gane lambar ƙafarsa da nauyin aljihunsa. Amma ga ciniki ɗaya ya gagare ni: na'urar tsaron gida, irin wadda ake haɗawa da waya.

Ba ɓarawo nake gudu ba. Wanda ya hauro gidanmu sai dai ya saɓi keken ɗinkin ƙanwata, shi ma sai ya nemi mai kama masa. Mahaifinmu ne matsalar. Baba ya yi gadi a wani sito tun ina goye har kansa ya yi fari, yanzu kuma mantuwa ta fara kama shi. Da safe ras yake, har ya tsokane ni wai takalman shagona ruwan sama ɗaya ke gamawa da su. Amma da rana ta yi sanyi sai ya sa tsohuwar kwat ɗinsa, ya rataya usur a wuya, ya ɗauki tocila, wai zai je karɓar aiki. Siton kuwa an rushe shi tuntuni, gidan mai ne a wurin. Ƙanwata tana gida, amma in ta hau keke ko rufin ɗaki aka ɗage ba za ta ji ba. Makon jiya mai facin bakin layinmu ne ya riƙo mana shi, ya tarar da shi a tsakiyar babban titi yana busa wa motoci usur.

Yayana direba ya ce a sa kwaɗo a huta. Shi komai nasa birki ne. Ni kuma na nufi shagon masu na'ura. Mai shagon, baki kamar an shafa zuma, ya baje mini iri biyu. Ɗaya mai jiniya ce, da an buɗe ƙofa za ta kwarma ihu unguwa ta ji, ba ruwanta da intanet. Ɗayar shiru take, saƙo kawai take turowa waya, tana da kyamara, amma sai da intanet da wuta, kuma ana biya duk wata. Ban faɗa masa gaskiya ba, na ce ɓarayi ne suka dame mu, don ɗan kasuwa ba ya nuna wa ɗan kasuwa inda ke masa ciwo. Ya ce ai ɓarawo sai jiniya, ya ba ni ita gwaji.

Baba ma haka na gaya masa, don ɓarayi ce. Ya ƙare mata kallo a jikin bango, ya ce yau ga gida mai maigadi an sayo masa ƙarfe mai kuka. Na yi kamar ban ji ba.

Washegari da yamma ya sa kwat, ya buɗe ƙofa, jiniya ta ɗauka. Gwaggo, mutumin da ke jan ƙafa ya zari sanda ya zagaye gidan nan kaf, bayan tankin ruwa, ƙarƙashin matakala, har banɗaki, yana busa usur. Maƙwabta suka cika ƙofa. Can ya tsaya, ya dubi ƙofar, ya dubi hannunsa, ya ce ashe shi ne ɓarawon. Mantuwar da ke cinye masa komai ta ƙi cinye wannan. Tun ranar ya daina tsokanata, abinci ma sai ƙanwata ta kai masa ɗaki.

Jiniyar tana cikin kwalinta. In na mayar da ita jikin bango, kullum sai na ci mutuncinsa. In na bar ƙofar haka, wata rana daga titi za a kawo mana labari. Wacce zan saya?

'Yar Maigadi

Amsa

'Yar Maigadi, Allah ya ba Baba lafiya. Kin je wa mai magani da ciwon wani, ya ba ki maganin wani, don haka mai shagon bai cuce ki ba. Wayon kasuwa ne ya yi miki yawa. Koma ki faɗa masa ba mai shigowa kike tsaro ba, mai fita ne. Amsarsa za ta canza.

Mai shirun za ki ɗauka. Amma ki yi masa irin binciken da kike yi wa dillalin takalma. In wuta ta ɗauke, batirinta na riƙewa? In intanet ɗin gida ya tsaya, tana da layin waya nata? Waya nawa take iya tura wa saƙo? Wannan na ƙarshen shi ne magana, domin ke kina kasuwa, saƙon da ya iso ki kina tsakiyar ciniki labari ne kawai. Na'ura faɗa take yi, ba ta da ƙafa. A sa wayar ƙanwarki a gaba, ta ajiye ta a kan keke inda idonta yake, sai taki, sai ta mai faci in ya yarda, tunda shi ke bakin hanya. Kyamara ta kalli ƙofar waje, kada ta leƙa ɗakin dattijo. Akwai kuma 'yar na'ura kamar maɓalli mai nuna inda mutum yake. Ɗaura ta a igiyar usur ɗin, don zai iya manta sunan titi amma ba zai fita ba usur ba.

Yayanki ba mugunta yake nufi ba, tsoro ne irin naki, kuma kwaɗo ba ya jiran intanet. Sai dai ranar da gobara ta tashi kwaɗo bai san na gida ba, kuma wanda ya yi rayuwarsa yana kulle ƙofa ba zai yafe a kulle shi ba. Ku kai Baba asibiti a duba mantuwar nan, na'ura ba ta maganinta.

Saura abin da ba a sayarwa a shago. Da safe, lokacin da yake ras, ki durƙusa ki ba shi haƙuri, kuma kada kalmar ɓarawo ta ƙara fita daga bakinki. Baba ba yawo yake fita ba, aiki yake tafiya. To ki kawo masa aikin gida. Da yamma a ajiye masa kujera daga cikin ƙofa, da tocilarsa da shayinsa, ki damƙa masa ɗan makullin na'urar a hannu, ki ce gidan nan na hannunsa, wannan ƙarfen ƙaramin ma'aikaci ne a ƙarƙashinsa. Ba ƙarya kika yi ba. Wata rana zai manta ya kama hanya, shi ya sa kika sayi na'urar. Amma maigadi ba ya barin ƙofar da aka ba shi amana sai mai karɓarsa ya zo, don haka ki riƙa rufe shago da wuri ki zo ki karɓe shi.

Allah ya sa ki ji ya sake zagin takalmanki.

Gwaggo