Hannun da Zulai Ta Ɗaga a Aji

Zuwa ga Hajiya, Shugabar makarantar da 'yata ke karatu, Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da malamanki baki ɗaya.

Ranki ya daɗe, sunana Isyaku, direba ne ni. Kin san fuskata ko da ba ki san sunana ba. Ni ne mai farar motar da ke sauke 'yan mata biyu a ƙofarki kafin bakwai da rabi. Ɗaya Ummi ce, 'yar maigidana Alhaji. Ɗayar Zulai, tawa ce, Alhaji ne ya sa ta makarantarki don su yi karatu tare, aji ɗaya, benci ɗaya. Shekarata goma sha huɗu ina tuƙa shi. Sau biyu ina zuwa ofishinki ana cewa kina taro, shi ya sa na rubuto a fili, tunda abin da nake ɓoyewa ya riga ya fita. Wallahi da niyyar kai ƙara na ɗauki biro, amma har yanzu ban san wanda zan kai ƙara ba. Bari dai in jero miki, ko ke za ki gane.

Na ɗaya, yadda muke zaune. Alhaji ba ya takara, amma da shi ake komai a ɓangarensu. Idan zaɓe ya matso ana raba mana huluna, matanmu a ba su atamfa mai hoton ɗan takara: ni da kuku da masu gadi da mai ban ruwan fulawa. Mu karɓa, mu yi godiya, mu sa. Ranar zaɓe kowa ya tafi akwatinsa, abin da ya dangwala kuma tsakaninsa da Allah. Alhaji bai taɓa tambaya ba, mu ma ba mu taɓa faɗa ba. Ki tambayi duk direban da ke zaman jira a ƙofarki, haka ake yi a gidajen unguwar nan. To ni a zaɓen da ya wuce, da hular Alhaji a kaina na dangwala wa ɗaya ɓangaren. Ba ƙin Alhaji nake ba. A Kaura Goje nake kwana, na san abin da idona ke gani a layinmu. Da na koma gida na faɗa wa maiɗakina, har muna dariya. Zulai tana gefe tana tsince shinkafa, ban ma kula da ita ba.

Na biyu, abin da ya faru. Ranar wata Talata, mako uku ke nan, Malam Sabi'u mai koya musu haƙƙin ɗan ƙasa ya shiga ajinsu. Yadda Zulai ta ba ni labari, ya fara da bayanin yadda ake zaɓe, sai ya zarce, ya ce mutanen da Alhaji ke bi sun ci amanar talaka. Daga nan ya ce kowa ya ɗaga hannu ya nuna ɓangaren da babansa ya zaɓa, wai don su ga yadda ake ƙirga ƙuri'a. Da aka kira ɓangaren Alhaji, Ummi ta ɗaga, har tana jan hijabin Zulai. Zulai ba ta motsa ba. Da aka kira ɗayan sai ga hannunta a sama. A hanyarmu ta komawa gida Ummi ta leƙo daga baya tana dariya, ta ce, "Baba Isyaku, ashe ba namu ka zaɓa ba?" Hajiya, saura ƙiris in hau kan mai adaidaita. Kafin magariba maganar ta shiga cikin gida.

Na uku, kuma nan ne kaina ya ɗaure. Duk abin da Malam Sabi'u ya faɗa a kan mutanen nan, ni ma na faɗi wanda ya fi shi a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Da cewa aka yi ɓangaren Alhaji ya yaba a gaban yara, da na ce yana juya musu kai. Yanzu da ya faɗi abin da ke raina, ni ne na kwana a ciki. Maiɗakina ta ce malami ya koyar da darasinsa ya ja bakinsa ya yi shiru, na ce gaskiyarki. Ayuba kuku ya ce idan malami bai buɗe wa yara ido ba wa zai buɗe musu, na ce gaskiyarka. Duk wanda ya yi magana sai in ji shi ne daidai. Sai kuma na ji cewa washegari 'yan aji sun sa Ummi a gaba da tsokana, wai babanta yana cikin maciya amana, har ta yi kuka. Ni na ɗauko yarinyar nan daga asibiti ranar da aka haife ta. Wallahi raina ya ɓaci, sai na ji kamar ni na zage ta.

Na huɗu, Alhaji bai ce min komai ba. Da ma faɗa ya yi, da na ba shi haƙuri an wuce wurin. A da kujerar gaba yake zama, yana waya a gabana, maganar gida da ta siyasa, ba abin da kunnena bai ji ba, kuma ko maiɗakina ba ta taɓa jin kalma ɗaya daga bakina ba. Yanzu baya yake zama. Idan waya ta shigo sai in ji ya ce, "Zan kira ka idan na sauka." Ranar Juma'a da zai tafi Kaduna wani ya tuƙa shi, ni aka ce in huta. Ban gaji ba, Hajiya. Tsoro nake ji, don ranar da aka ce in ajiye mukulli, karatun Zulai ma ya tsaya ke nan.

Na biyar, na ji a bakin direbobi wai iyaye sun taso a kori Malam Sabi'u. Ban san ko gaskiya ne ba. Idan haka ne, kada a sa sunana a ciki. Lokacin da Zulai ta shigo makarantarki ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi. Shi ya koya mata tsayawa gaban mutane ta yi magana. Ga shi kuwa ta yi.

Ga abin da nake roƙo. Maganar ko malami zai faɗi ra'ayinsa a aji ko zai haɗiye, na bar muku, ku ne masu ilimi, ni na kasa yankewa. Amma don Allah a daina tambayar yara abin da iyayensu suka dangwala. A makarantarki akwai 'ya'yan masu gida, akwai kuma 'ya'yan masu buɗe musu ƙofa, kuma mota ɗaya suke shiga idan an tashi. Sannan ki sa a daina tsokanar Ummi.

Roƙona na ƙarshe ya fi nauyi. Ban daki Zulai ba, ko tsawa ban yi mata ba, amma ta ga yadda na koma. Shekaranjiya ina wanke mota ta zo ta tsaya a bayana, ta ce, "Baba, da ƙarya ya kamata in yi?" Tun tana ƙarama nake ce mata duk abin da zai faru ta faɗi gaskiya. Na buɗe baki in ce a'a, na tuna Alhaji a kujerar baya. Na ce ta miƙo min bokiti. Har yau tana jiran amsa, ni kuma ba ni da ita. Idan akwai ta a makarantarki, don Allah ki kira ta ofis ki ba ta.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya albarkaci zuri'arki, ya shirya mana yaran nan baki ɗaya. Gobe ma kafin bakwai da rabi za ki ga farar motar a ƙofarki, idan mukullin yana hannuna.

Wassalam.

Naki,
Isyaku direba, baban Zulai,
Kaura Goje.